Kwamfutar taka ce, makullin yana hannun wani

A wani shagon ɗaukar hoto a Tudun Wadan Gusau akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da ake lulluɓe wa tsumma saboda ƙura. Fara ce a da, yanzu ta koma ruwan ƙasa. Fasfo ya kai ni shagon, na zauna a benci ina kallon mai shagon yana aikinsa. Ya zare katin kyamara ya soka a kwamfutar, ya buɗe hoton, ya bi gefen hulata da kafaɗuna da linzami yana zagayewa, ya goge labulen da ke bayana ya mayar da wurin fari fat, ya ɗan rage maiƙon goshi, ya jera guda 8 a takarda ɗaya. Firinta ta yi ƙugi ta fara turo su. Duka-duka bai kai minti biyar ba. Manhajar da ya yi aikin da ita Photoshop 7 ce, wadda ta fito a 2002. Yaron shagon da ke jiran hotunan da almakashi a hannu, ko cikinsa ba a yi ba a lokacin.

"Maigida, har yanzu wagga tsohuwa kaka hwama da ita?" na tsokane shi.

"Malam, wagga ba ta taɓa tambaya ta data ba," ya ce, bai ko ɗago ba. "Sa'ad da anka ɗauke sabis, ita tar riƙe min gida."

Wanda bai zauna Zamfara a 2021 ba zai ɗauka raha ce kawai. A ranar 3 ga Satumban shekarar ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe na'urorinsu a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko har Funtuwa mutum zai shiga mota ya je, ya yi kira ɗaya ko biyu ya juyo. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, masu janareta su ma suka ji a jikinsu. An yi ta maganar masu POS da 'yan kasuwa da marasa lafiya, kuma sun cancanci a yi. Amma watannin nan sun yi wani aiki a ɓoye: sun tankaɗe na'urorin da ke gidajenmu da shagunanmu, suka ware waɗanda muka mallaka da waɗanda ashe haya muke yi ba mu sani ba.

Bahaushe bai taɓa rikita saye da haya ba. Gona ko ta gado ce, ko ta saye, ko aro, ko jingina, ko haya, kuma kowace da hukuncinta. Ba wanda zai dasa mangwaro a gonar aro. Da wannan fahimtar muka karɓi kwamfuta da ta shigo mana. Ka biya, ka ɗauka, ta zama taka da duk abin da ke cikinta. A takarda dai tun asali manhaja ba sayar maka da ita ake yi ba, izinin amfani ake ba ka, shi ne dogon rubutun nan da kowa ke danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Sai dai a da kamfanin ba shi da hannun da zai miƙo cikin shagonka. Faifai yana aljihun tebur, lambar buɗewa tana jikin kwali, shi ke nan. Intanet ce ta ba shi hannun.

Shekarar da abin ya fito fili ita ce 2013. Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe na Amurka kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990, ta shafe fiye da shekara 20 ana sayar da ita a kwali. Ta ƙarshe a wannan tsari ita ce CS6 ta 2012, a kan dala 699. A watan Mayun 2013 kamfanin ya ce an gama: daga yanzu biyan wata-wata ne, a tsarin da ya kira Creative Cloud. Duk wanda ya san harkar acaɓa da keke ya san bambancin yaron da aka ba babur yana biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa, da wanda yake kai balas kullum. Na farko yana da ranar gamawa. Na biyu ko shekara goma ya yi yana kaiwa, ran da ya fasa, ran nan mai babur zai karɓi makullinsa. Adobe ta mayar da masu hoto na duniya 'yan balas.

Kada a zalunci kamfanin, akwai abin da tsarin ya gyara. Dala 699 a dunƙule ba kowa ke da ita ba ko a Amurka, alhali tsarin masu hoto da ya haɗa Photoshop da Lightroom ya daɗe a kan dala 9.99 a wata. Mai biya yana samun kowane sabon gyara da zarar ya fito, kuma in ya sayi sabuwar kyamara manhajar za ta gane irin fayil ɗinta. Ga mai situdiyo a Landan wannan kuɗin shayi ne. Shi kuwa kamfanin, kakarsa ta yanke saƙa: kuɗin shigarsa ya tashi daga kusan dala biliyan 4 a 2013 zuwa fiye da biliyan 21 a 2024. Ganin haka ne ya sa kusan kowane mai manhaja ya bi sahu, daga Microsoft da Office ɗinta har 'yan ƙananan manhajojin waya da ke neman kuɗi duk mako.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda mai babur yake tabbatar da an kai balas. Manhajar tana leƙa uwar garken kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, ta intanet lokaci-lokaci, ta ji ko har yanzu kana biya. Ƙa'idar Adobe ita ce mai biyan wata-wata zai iya yin kwana 30 ba intanet, mai biyan shekara kuma kwana 99, daga nan sai ƙofa ta rufe. A ɗora wannan a kan kalandar 2021. Mai shago a Gusau da ya bi doka yana biya duk wata, da ƙyar zai tsallake, domin ɗaukewar ta kusa cika wata guda. Takwaransa na Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara ko Anka kuwa, kafin sabis ya dawo wa'adinsa ya ƙare har ya maimaita. Wato mai gaskiya ne zai zauna yana kallon allo a kulle, maƙwabcinsa mai tsohon faifai yana ta wanke hoto. Waɗanda suka tsara ƙa'idar a Kalifoniya ba mugunta suka nufa ba. A lissafinsu babu garin da intanet za ta ɓace wata uku, sai dai a ce mutum ya tafi balaguro daji.

Sai maganar dala. Kafin Yunin 2023 ana ba da ita wajen naira 460 a farashin gwamnati, dala 10 ba ta kai naira 5,000 ba. Babban Banki ya saki naira, farkon 2024 dala ta haura 1,500, kuɗin haya ɗin nan ya koma wajen naira 15,000 ba tare da Adobe ta ƙara ko kwabo ba. Daga baya ma ta ƙara wa masu biyan wata-wata a 2025. Ko kana da kuɗin, ta ina za ka biya? A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe hanyar ɗungurungum, ba a fara buɗewa ba sai tsakiyar 2025. A kan wannan a ɗora ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data da NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, da fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi zuwa wajen 1,000 a ƙarshen 2024. Mai fasfo bai isa ya ninka farashinsa sau uku ba, domin kwastomansa ɗalibi ne da mai neman aiki, ga kuma ɗaukar hoto kai tsaye a wurin rajistar NIN da JAMB ta riga ta cinye masa kasuwa.

Mai makulli kuma yana da nasa iyayen gidan. A Oktoban 2019 Adobe ta sanar da masu hulɗa da ita a Benezuwela cewa za ta rufe asusunsu baki ɗaya saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga baya ta samo izini ta fasa, amma masu zane da masu hoto na can sun kwana da sanin cewa sana'arsu na rataye da sa hannun wani shugaban ƙasa da ba nasu ba. A Amurkar kanta, hukumar kare masu sayayya ta FTC ta kai kamfanin kotu a Yunin 2024 kan tarar da yake cin wanda ya so fita daga tsarin shekara kafin lokaci.

To ina mutanenmu suka nufa? Kowa ya sani, kirak, wato manhajar da aka fasa makullinta. Ka kai kwamfuta wurin mai gyara ya zuba maka Windows da Office da CorelDRAW da Photoshop daga filas ɗinsa, ka ba shi na goro. Yawancin masu shago ba su ma san akwai wani kuɗi da ya kamata a biya wani ba. A ganinsu sun biya, ga wanda suka biya nan a zaune. Ni dai ba zan iya kallon idon mai fasfo in kira shi ɓarawo ba, duk da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta. Amma kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata darensa yana fasa makullin manhaja ya watsa ta kyauta, sau da yawa yana da abin da ya cusa a ciki. Akwai wata ƙwayar cutar kwamfuta da ake kira STOP ko Djvu wadda ta shahara da bin irin waɗannan manhajoji: ta kulle duk fayilolin da ke kwamfutar, ta bar takarda tana neman dala 980, ko rabin haka in an biya cikin kwana uku. Na san mai ɗaukar hoton biki da ya wayi gari ya tarar da aikin watanni ya koma sunaye masu baƙin jela da ba sa buɗuwa, cikinsu har da bikin da bai kai wa masu shi ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona shi ba, zuwa gidan uwar amarya ya yi bayani ne. Abin lura shi ne tsohuwar kwamfutar Tudun Wada ta tsira daga irin wannan don ba a taɓa haɗa ta da intanet ba. Haɗari yana wurin wanda ya tsaya tsakiya, ga manhajar sata, ga intanet a buɗe, ga filas ɗin kowa da kowa yana shiga yana fita.

Wannan ya kawo mu ga Windows, wadda labarinta ya fi shafar kowa, har da wanda bai taɓa gyara hoto ba. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, wadda ta fito a 2015. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin ke aikowa duk wata yana toshe ɓarakar da masu kutse suka gano. Kamar gida ne da mai gadi ya ajiye aiki: katanga tana nan, amma duk ramin da ɓera ya haƙa daga yau ba mai cikewa. An bar wata 'yar ƙofa ta ƙarin shekara guda zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko dai a biya dala 30 ko a haɗa kwamfutar da asusun Microsoft. Hanyar da kamfanin yake so a bi ita ce Windows 11, ita kuwa tana da sharaɗi: sai kwamfuta mai guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in masarrafar Intel ce, sai daga zubi na 8 zuwa sama, wato ƙirar wajen 2017 zuwa yau.

Nan ne abin ya taɓa kasuwarmu kai tsaye. Mu ba sababbi muke saye ba. Laftof ɗin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, kusan duk ta hannu ce, wadda wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama da ita, ta sauka Ikko, ta bi ta Kano ko Kaduna ta iso mana. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara. Sharar Turai kuwa mun san inda take sauka. Za su zo da kyan gani da araha, mai shago yana shafa murfin yana cewa ai wannan "ai seben" ce. Kalmar i5 ko i7 ba ita ce magana ba, lambar da ke binta ce. In ka ga i7-4600U, wannan 4 ɗin na farko zubi na huɗu ke nan, ta tsufa. In ka ga i5-6300U, irin wadda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa, zubi na shida ce, Windows 11 ba ta yarda da ita ba. Wadda aka rubuta i5-8250U ta fi su duka biyun amfani a yau, ko da sunanta bai kai na farkon ƙara ba. Masu gyara sun iya tura Windows 11 da ƙarfi a kan tsohuwar na'ura, kuma tana tashi, sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa bai yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irinsu faci ba. Mai saye ya ga sabon allo ya ɗauka ya dace.

A bar ofis a leƙa gidan gem, domin can ne ma rigimar ta fi daɗin kallo. Rumfa ce ta kwano, benci uku, talabijin huɗu ko biyar a jere, janareta tana kuka a baya, yara sun cika har ƙofa. Wasa minti goma, wanda aka ci shi ke biya, shi ya sa ba a rasa musu. Ka duba allon sosai za ka ga Osimhen sanye da rigar Galatasaray yana gudu a cikin PlayStation 2, na'urar da ta fito a 2000, lokacin da shi Osimhen ɗin yana goye. Sirrin shi ne akwai masu ɗaukar tsohon wasan ƙwallo na PES su sauya masa 'yan wasa da riguna duk kaka, a zuba a faifai ko filas, ya bi hannu-hannu har ya iso rumfar nan. Kamfanin Konami na Japan da ya yi wasan ya daɗe da barin wannan hanya. A 2021 ya binne sunan PES ya fito da eFootball, wanda ake saukewa kyauta amma ransa yana kan intanet da sayen 'yan wasa da kuɗi. Abokin hamayyarsa EA shi ma ya rabu da sunan FIFA bayan FIFA 23, ya koma EA Sports FC, kuma babban abincinsa shi ne ɓangaren da ake bugawa ta intanet ana sayen katunan 'yan wasa.

Mai rumfa ba jahilci ne ya hana shi PS5 ba, lissafi ne. Ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499, tana jan wuta wajen wat 200 in ana wasa, siririyar PS2 kuwa ko rubu'in haka ba ta ci. Wasan PS2 yana shiga faifan DVD mai gigabait 4.7, manyan wasannin yau akwai masu haura gigabait 100, kuma ko ka sayi faifai, ran farko za a ce ka sauke ƙarin gyara. Da wace data, a kan wane sabis? Sannan faifan kansa ana janye shi a hankali. PS5 Pro ta 2024, mai dala 699, ba ta zo da wurin sa faifai ba sai ka saya daban. Faifai kuwa shi ne dukiyar talakan ɗan gem: ya ara wa aboki, ya yi musaya, in ta ƙure ya sayar ya sayi fad, abin da ake riƙewa a buga wasan. Wasan da aka saya ta intanet yana ɗaure da asusunka, ba ya aruwa, ba ya sayuwa, ba ya shiga rabon gado.

Turawan ma ba shiru suka yi ba. A wannan shekarar dai ta 2013 Microsoft ta so ta sa Xbox One ta riƙa leƙa intanet duk awa 24 tare da taƙaita cinikin faifan hannu. Ihun da aka yi mata ya sa ta janye kafin na'urar ta fito. Bayan fiye da shekara goma sai ga kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe uwar garken wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, wasan ya mutu murus har a hannun waɗanda suka sayi faifansa da kuɗinsu. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mutum cewa izini yake karɓa, kada kalmar "saya" ta ruɗe shi. Abin da ya ba su haushi har suka tafi majalisa, mu mun ɗanɗana shi tun 2021, ba tare da wani kamfanin manhaja ya kashe komai ba.

Sabon salo na ƙirƙirarriyar basira ya ƙara ɗaure igiyar. Tun Mayun 2023 Photoshop take iya cike gurbi a hoto da umarnin rubutu: ka zagaye wuri ka ce a sa kujera ko a cire mutum, ta yi. Aikin ba a cikin kwamfutarka ake yin sa ba. Hoton ne yake tafiya uwar garken kamfanin, a sarrafa shi can, a dawo maka da shi, ana kuma ƙirga maka sau nawa ka yi. Wannan ba ya kirakuwa, domin ba a fasa makullin ɗakin da ke wata nahiya. Haka manhajojin waya irin su Remini da matasa ke wanke tsofaffin hotuna da su. A nan ina da ƙorafi biyu. Na farko, manhajar ba tono fuskar da ta dushe take yi ba, cikewa take da zato daga dubban fuskokin da aka horar da ita a kansu. Na ga hoton fasfon Hajji na wani dattijo da jikokinsa suka gyara, ya fito tas, amma tsagen fuskarsa ya ɓace, manhajar ta ɗauka tabon takarda ne ta share. 'Yarsa ta duba ta ce kyakkyawa ne, amma ba babanta ba ne. Na biyu, a garin da ake kaffa-kaffa da hoton amarya da na matan gida, mutane nawa ne suka san cewa gyaran da mai hoto ya yi musu a waya ya bi da hoton ta wata ƙasa? A Yunin 2024 masu zane a duniya sun yi wa Adobe ca kan wasu kalmomi a sharuɗɗanta, har sai da ta fito ta rubuta cewa ba za ta horar da basirarta da ayyukan kwastomomi ba. Wannan babban kamfani ke nan mai sunan da zai kare. Ƙananan manhajojin da ba a san masu su ba fa?

Akwai mafita, ko da ba mai santsi ba ce. Manhajar gyaran hoto ta GIMP kyauta ce tun shekarun 1990, ba ta neman asusu ko intanet, ta kuma fitar da zubi na 3 a Maris 2025. Fasfo da katin biki da gyaran fata duk tana yi, sai dai hannun da ya saba da Photoshop zai yi mako biyu yana tsaki. Affinity, wadda ƙwararru ke ɗauka kishiyar Photoshop ta gaske, kamfanin Canva ya saye ta a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya mayar da ita kyauta. Ina murna da hakan da ido ɗaya a buɗe, domin sai ka yi asusun Canva kafin ta buɗu, kuma mai ba da kyauta yau shi ke da ikon sauya magana gobe. Tsohuwar laftof da Windows 11 ta ƙi, Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, za ta karɓe ta hannu biyu, ta yi rubutu da bincike da kallo lafiya lau. Cikas ɗin shi ne CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa kanta kai tsaye, masu buga takardu kuwa daga Gusau har Kaduna fayil ɗin Corel suke tambaya. Mutum ɗaya ba ya sauya wannan.

Shi ya sa nake ganin laifin ya fi yawa a wuraren koyarwa. Cibiyoyin koyon kwamfuta da ke cike da 'yan sakandare masu shirin JAMB, da shirye-shiryen koyar da sana'a da gwamnatoci ke yi ana raba laftof, kusan duk maɓallan manhaja ɗaya suke haddatar da yara, a kan kwafin sata, a ba su takardar shaida. Yaron da aka koya wa mene ne haske da inuwa, yadda ake ware mutum daga bango, yadda launin allo yake bambanta da na takarda, zai zauna gaban kowace manhaja ya ci abinci. Wanda aka koya wa "danna nan, sai ka danna can" an ɗaure shi a gindin kamfani ɗaya tun bai fara samun ko sisi ba. Su kuma masu shago, abin da ke hannunsu ba ya buƙatar dala: kwamfutar aiki daban da ta shiga intanet, hotunan mutane a ajiye su wuri biyu, a kuma fitar da kwafin kowane aiki a JPEG ko TIFF da kowace manhaja ke buɗewa. Kafin a sayi wata na'ura ko manhaja, Bazamfare yana da tambayar da ɗan Legas ba zai tuna ya yi ba: in aka ɗauke sabis wata uku, wannan abin zai tashi?

Da na koma karɓar wasu hotuna bayan kwana biyu, na tarar yaron shagon ya sauke Affinity a laftof ɗin wansa da datar dare, yana nuna wa maigidan yadda take ware gashi daga bango ba tare da an bi shi da linzami ba. Maigidan ya gyara tabarau ya kalla har sau biyu, ya sa aka maimaita masa da hoton wata mai gyale. Sannan ya tambayi abu ɗaya, ko tana buɗewa in babu sabis. Yaron ya kashe wayar da ke ba laftof ɗin intanet, ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ta buɗu.

"To, bar ta nan wajenka," in ji shi. "Sai bayan Salla mu gani, yanzu lokacin aiki na." Ya juya ya ɗage tsumman da ke kan tsohuwar, domin wasu 'yan makaranta uku sun shigo yin fasfo.